Tudun Josiah

Duk wanda ya san titin da ya ratsa bayan Shango ya gangara bakin kogin Chanchaga ya san Josiah, ko da kuwa bai taɓa ganin fuskarsa ba. Mai adaidaita sahu zai ce maka, "A Josiah zan sauke ka." Mai kwatancen gida zai ce, "In ka wuce Josiah, sai ka yi hannun hagu." Baƙo kan ɗauka wani babban mutum ake nufi, alhali tudun rage gudu ne na siminti, kwance a gicciye kan kwalta, da doro kamar kunyar doya. Ba abin mamaki ba ne, domin manomin doya ne ya gina shi. Sunansa Shekwolo, Josiah kuwa ɗansa ne na fari.

Titin nan abu biyu yake ɗauka, kuma ba sa ga maciji da juna. Akwai tipofi masu zuwa ɗibar yashi a bakin kogi, akwai kuma manoma a kan kekuna, masu sammakon kama jirgin fito su haye zuwa gonakinsu na tsallake. Wata safiya Josiah yana gangarawa a kan kekensa, garma ɗaure a baya, tipa ta kwashe shi. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

Ba a gama karɓar gaisuwa ba Shekwolo ya fito da siminti da tsakuwa, ya tare titi, ya hau kwaɓi. Babu wanda ya tambaye shi izinin wa ya samu. Wa ke da fuskar tambayar mutumin da ƙasar kabarin ɗansa ba ta bar ƙafarsa ba? Abokan mamacin suka kama masa. Ya ja tudun ya yi tsayi, irin tsayin da zai sa direba ya tuna da Mahaliccinsa kafin ya hau. Amma da yake shi ma a kan keke ya tsufa, ya san keken da aka lafta wa buhun doya ba zai hau wannan doro ba. Saboda haka ya bar giɓi a kowane gefe, daidai faɗin keke da kayansa, don 'yan'uwansa manoma su wuce salin-alin. Ranar kowa ya yaba masa wannan tunani.

Tun da simintin ya bushe bai ƙara bin titin ba. Gidansa yana nan bayan layin shagunan da ke kallon tudun, amma ta ƙofar baya yake fita, ya bi wata 'yar turba ta gefen layin dogo, ya ɓulla bakin ruwa. Hanyar ta fi nisa, ga ƙaya, ga taɓo da damina. Shi dai ya gwammace haka da ya ga wurin da idonsa. Ya ishe shi ya riƙa jin sunan a bakin mutane. Kabarin yaron yana can ƙauye, ciyawa na cin sa duk shekara, amma a nan cikin gari, duk sa'ad da wani a cikin jirgin fito ya ce "mun haɗu a Josiah", sai Shekwolo ya ji kamar ɗansa bai gama tafiya ba. Wannan suna shi ne abin da ya rage masa, kuma ya riƙe shi da hannu biyu.

Ana nan, shekaru suka ɗan tura, sai labari ya zo cewa za a sake fasalin titin. Za a ware wa kekuna hanyarsu daban, a raba ta da ta motoci da gajeren shingen kankare, tun daga sama har bakin fito. Shekwolo ya yi murna, har ya ce da matarsa Rachael, "Kin gani? Sai da jinin ɗanmu ya zuba sannan suka farka." Rachael, wadda duk unguwa ke kira Maman Josiah, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Murnar ba ta je ko'ina ba aka zo aka gaya masa an shafa wa tudun jan fenti, alamar yana cikin abubuwan da za a fasa.

Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa, Malam Maiwada. Injiniyar da aka ba aikin wata matashiya ce mai suna Amatullah, irin mutanen nan da in sun san gaskiya sai ta riƙa ƙona musu harshe. Ta yi bayanin inda kekuna za su bi, da inda ruwan sama zai gangara, da yadda mai doya zai isa jirgi ba tare da ya gogi taya ba. Jama'a na ta gyaɗa kai, har ta zo kan tudun.

"Shi kuwa wannan tudun," in ji ta, "ai shi ne ma babban..."

Malam Maiwada ya yi wani dogon tari. "Injiniya, ga ruwa nan, ki jiƙa maƙoshi."

"Na gode, Baba. Cewa nake tudun nan shi ne yake sa..."

"Lokacin salla ma ya gabato," in ji wani dattijo yana duban sama, alhali rana ko karkata ba ta yi ba.

Amatullah ta bi fuskoki da kallo, ta ga kowa ya sami abin dubawa a ƙasa, sai ta haɗiye sauran maganar da ƙyar. Mutanenmu akwai kara, wani lokacin ma har ta yi yawa. Shekwolo kuwa ya ɗauki shirun nan goyon baya ne. Ya miƙe, ya gyara hularsa.

"Yarinya, ke kin yi makaranta, ni ban yi ba," ya ce. "Amma tun da na gina wannan abu, mutum nawa ya mutu a titin nan? Babu. Wanda zai fasa shi, sai ya fara fasa ni."

Ya juya ya tafi, babu wanda ya kira shi.

Ranar da aka ce katafila za ta zo, Shekwolo bai nufi gona ba. Ya ɗauki 'yar kujerar tsugunno ta matarsa, ya fita ta ƙofar gaba. Ya ratsa tsakanin shaguna ya fito titi. An yi ruwa da asuba, kwalta na ta sheƙi. Ya hau kan tudun, ya dasa kujerar a tsakiya, daidai kan jan fentin, ya zauna ya harɗe hannu.

Abin da ya fara lura da shi shi ne tudun ya tsufa ta wata irin hanya. Doronsa na nan kusan yadda ya bar shi, har da sawun cokalin gini. Gefunan biyu ne suka gutsure kamar ɓera ya ci. Giɓin da ya bari na keke ya buɗe ya ninka, ya zama kwari mai zurfi cike da jan ruwa, ga sawun manyan tayoyi kwance a cikin taɓon.

Bai gama kallo ba wata tipa ta taso daga kogi, cike da yashi, tana nishi. Shekwolo ya dafe gwiwa yana jiran ta rage gudu. Direban ko birki bai taka na kirki ba. Ya ɗan murza sitiyari, ya zura tayoyin gefe ɗaya cikin giɓin, ɗaya gefen ya lashi ƙarshen tudun, motar ta karkata ta miƙe, ta wuce tana yarfa ruwan yashi.

"Don ina zaune ne ya kauce," Shekwolo ya gaya wa kansa.

Ta biyu ta zo ta yi haka. Wata ƙaramar mota ta yi haka. Adaidaita sahu kuwa gaba ɗayansa ya shige ta giɓin, bai ko taɓa siminti ba. Abin da ya dami Shekwolo shi ne direbobin ba kallonsa suke yi su kauce ba. Wani ma waya yake amsawa. Hannuwansu ne suka san hanyar da kansu, yadda jaki ya san ƙofar gida.

Sai ga 'yan keke sun fara gangarowa, mutanen da yake zama da su kafaɗa da kafaɗa a jirgi kullum. Kowannensu tun daga nesa yake sauka. Ya tsaya, ya waiga baya, ya leƙa gaba, ya jira, sannan ya tura kekensa da gudu ya ratsa giɓin kamar mai ƙetare rafin da aka ce akwai kada. Wani magidanci da ya makara bai sauka ba. Yana cikin giɓin tipa ta danno a bayansa da hon, ya saki hannu ya faɗa kwata, shi da keken da ƙunshin abincinsa. Tayar ta wuce ta inda yake yanzun nan. Shekwolo ya miƙe tsaye bai sani ba.

Mutumin ya fito yana karkaɗe wando, gwiwarsa na jini. Ya ɗaga kai ya ga wanda ke tsaye a kan tudun, sai ya yi saurin murmushi.

"Ina kwana, Baba. Santsi ne, ruwan asuba."

Ya ja kekensa ya wuce yana ɗingishi. Shekwolo ya koma ya zauna a hankali.

Kafin rana ta ɗaga sosai titi ya cika. Samarin unguwa suka zo a bayan Stephen, babban abokin Josiah, wanda ya ɗauki gawarsa daga kan kwaltar nan, kuma ya kwaɓa simintin tudun da hannunsa. Suka mirgino tsofaffin tayoyi suka jera a gicciye, suka tare hanya gaba da baya. Wani ya kawo galan ɗin fetur ya ajiye. Katafila ta iso tana girgiza ƙasa, ta tsaya nesa kaɗan da tayoyin, direbanta ya leƙo ya ga abin da ke gabansa, ya kashe inji. Motar 'yan sanda ta faka a can sama, ba su dai sauko ba. Masu shaguna suka fara jan ƙofofinsu, mai tuyar ƙosai ta sauke kaskonta ta kashe wuta.

"Baba, kai dai zauna," in ji Stephen. "Yau sai dai su taka mu duka."

Shekwolo ya gyaɗa kai. Da jiya ne da wannan magana ta faranta masa rai.

Amatullah ta sauko daga motar aikinsu ita kaɗai. Wani abokin aikinta ya kira ta, ba ta waiga ba. Ta ratsa ta tsakiyar samarin, suna gunaguni suna ƙin matsawa sai ta yi musu sallama ɗaya bayan ɗaya. Da ta iso ta durƙusa a gaban tudun.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya."

"An ce tun da safe kake nan. To ka ga abin da na so in faɗa ran nan."

"Ban ga komai ba."

"Mai unguwa ya roƙe ni kada in faɗa, na kuma yi masa alkawari. Amma ban yi alkawarin hana ka tambaya ba."

Ta juya kai, shi ma ya bi inda take kallo. A can gefen samarin, cikin masu goyon bayansa, wani mutum yana tsaye dogare da sandar guragu. Kudu ne, Banufe mai kifi. A da shi ke sayo kifi a bakin fito, ya ɗaure kwando a bayan keke ya zaga da shi har Ketaren Gwari. Daminar da ta wuce mota ta karya masa ƙafa, ƙashin ya haɗe a karkace, gwiwar ta daina lanƙwasuwa. Yanzu matarsa ce ke tallan, shi yana zaman gida da yara.

"Kudu," Shekwolo ya kira. "Zo."

Kudu ya taho yana jan ƙafa, yana washe baki. "Baba Shekwolo, muna tare da kai."

"A ina motar nan ta buge ka?"

Murmushin ya tsaya cak. "Haba Baba, wannan magana ai ya wuce. Ƙaddara ne."

"A ina?"

"Can ƙasa. Wajen bakin fito."

"Kudu, kai masallaci kake zuwa, ni coci, amma Allah ɗaya muke tsoro. Nuna mini wurin da sandarka."

Hayaniyar samarin ta lafa. Kudu ya dubi Malam Maiwada, wanda ya iso yana tsaye a bakin wani shago, mai unguwa ya kau da kai. Ya dubi Stephen, ya dubi ƙasa. Sannan ya juya, ya ɗingisa zuwa ƙarshen tudun, ya miƙa sandar ya dasa bakinta cikin jan ruwan da ke giɓin.

Shekwolo ya tuna ranar da ya je duba shi a asibiti. Ya kai masa doya manya-manya, ya zauna a bakin gado, ya dubi ƙafar da aka rataye, ya ce, "Ka gode wa Allah akwai tudun Josiah a titin nan. Ba don shi ya rage mata gudu ba, da yanzu wani labarin ake yi." Kudu kuwa, yana cije da leɓe don zafi, ya amsa masa, "Haka ne, Baba. Allah ya saka." Kunya ta taso wa Shekwolo tun daga ciki har fuska, ta kuma juye ta zama fushi, domin fushi ya fi sauƙin ɗauka.

"Shi kaɗai ne?" ya tambaya.

Ya juya ga mai unguwa.

"Maiwada, da kai nake. Shi kaɗai ne?"

Mai unguwa ya matso. "Shekwolo, akwai wasu. Allah ya taƙaita, babu rai. Mun zauna mun duba, muka ga wanda ya rasa ɗa ba a ƙara masa kaya."

"Sai kuka mai da ni yaro. Ina yawo cikinku ina bugun ƙirji, kuna ce mini haka ne."

"Ba raini ba ne."

"To mene ne?"

Gaskiya kuwa ba raini ba ne. Tausayi ne, irin wanda ake kashe mutum da shi yana godiya.

Shekwolo ya juya ga injiniyar da sauri, kamar wanda ruwa ke ja ya hango reshe. "To a cike giɓin. Yau ɗin nan zan kawo siminti, in cike shi har bakin kwata. Shi ke nan ba mai kaucewa."

"In aka cike, Baba, mai doya zai sauka ya tura kekensa kan doron nan a gaban tipa," in ji Amatullah. "Kuma daidai nan hanyar kekunan za ta bi. Za mu yi wasu masu rage gudun, marasa tsayi, daga shinge zuwa shinge, yadda mota ba ta da wurin kaucewa. Amma wannan ba zai zauna ba. Wallahi na duba ta ko'ina."

"Sababbin, za a kira su da sunansa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba mu ke sa suna ba, Baba. Mutane ne."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya san mutane kuma. Wata biyu ba za a yi ba za su koma cewa "wajen sabon titi" ko "gaban mai faci", yaran da ke tasowa ba za su san an taɓa yin wani Josiah ba.

"Baba, kar ka saurare ta," in ji Stephen. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Lokacin da Josiah yake kwance a nan ina suke? Ina injiniya? Ina shinge? Mu muka yi wa kanmu, yanzu sun zo su share kamar ba a yi ba."

Ya fizgi galan ya fara tuttula fetur a kan tayoyin da ke gaban katafila. Warin ya gauraye wurin. Direban katafila ya diro ya ja da baya. A can sama ƙofofin motar 'yan sanda suka buɗe, suka fara saukowa suna gyara hula. Mata suka shiga janye 'ya'yansu. Stephen ya jefar da galan, ya zaro ashana daga aljihu, ya fitar da tsinke ɗaya, ya tsaya yana kallon Shekwolo.

"Kai muke jira, Baba."

Shekwolo ya gane sarai. In ya ci gaba da zama, wuta za ta tashi, abin da zai biyo baya kuma Allah kaɗai ya sani. In ya tashi, sunan ɗansa ya tashi ke nan daga bakin duniya. Ya ga giɓin, ya ga sandar Kudu, ya ga komai, amma duk da haka jikinsa ya ƙi rabuwa da kujerar. Ya zauna yana kallon tsinken ashana, gumi na gangaro masa ta bayan kunne.

Sai jama'a suka dare ta gefen shaguna. Rachael ce ta fito, da kwandonta a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, kamar mai wucewa kasuwa. Ba ta dubi samari ba, ba ta dubi 'yan sanda ba. Ta sauke kwandon a kan kwalta, ta tsaya a gaban mijinta, ta yi masa magana da harshensu. Waɗanda ke jin yaren suka sunkuyar da kai, waɗanda ba sa ji suka karanta a fuskokin masu ji.

"Tashi ka ba ni kujerata."

"Maman Josiah, ke ma kin sani?"

"In an buge mutum a nan, wa kake tsammani ke fitowa da ruwa da tsumma? Ƙofarmu ce ta fi kusa. Zanena na yaga na ɗaure wa Kudu ƙafa."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na ga tudun nan ne yake riƙe da kai. Na ji tsoron in an cire shi za ka faɗi." Ta ja numfashi. Muryarta ba ta tashi ba, amma kowace kalma ta fito a sarari. "Kai ka gina shi, ka gudu ta ƙofar baya. Ni ka bari da shi. Ina tsakar gida ina jin cikin mota na dukansa. Ina jin yaran mota suna cewa a taka Josiah a wuce. Wannan ya ce Josiah ya fasa masa taya, wancan ya ce Allah ya isa tsakaninsa da Josiah. Yaron da bai taɓa zagin kowa ba, kullum ana tsine masa a ƙofar gidan uwarsa. Na gaji. Ina so ɗana ya huta."

Stephen yana jin yaren. Hannunsa mai riƙe da ashana ya sauko a hankali.

Shekwolo ya daɗe yana kallon matarsa. Shekarun nan duka suna ci a ɗaki ɗaya, suna addu'a a benci ɗaya, bai taɓa tambayarta abin da take ji ba in ya fice da asuba. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗauki kujerar ya miƙa mata. Ya sauko daga kan tudun ya je gaban Stephen, ya buɗe tafin hannu. Saurayin ya ɗan yi jim, sannan ya sa masa ashanar, ya juya baya kafaɗunsa na girgiza.

Shekwolo ya fuskanci jama'a, ya yi magana da Hausa don kowa ya ji.

"Ni na gina. Ni na bar giɓin nan da hannuna. Ƙafar Kudu a wuyana take, da ta duk wanda aka ɓoye mini. A kwashe tayoyin nan. A fasa."

Babu wanda ya yi tafi, babu wanda ya yi guɗa. Samarin suka janye tayoyin suna kumbure-kumbure, aka ɗebo yashi daga wata tipa aka zuba kan fetur. 'Yan sandan suka tsaya a inda suke. Amatullah ta so ta yi wa Shekwolo magana, ta ga fuskarsa, sai ta ƙyale, ta ɗaga wa direban katafila hannu.

Rachael ta ajiye kujerarta a bakin titi, ta zauna, ta zuba wa tudun ido. Ita ce ta kalli aikin tun daga fari har ƙarshe. Shekwolo bai iya ba. Ya juya baya ya zauna a bakin kwata, yana fuskantar rufaffiyar ƙofar wani shago. Ya ji inji ya tashi, ya ji ƙarfe ya daki siminti, ya ji ƙasa ta amsa a ƙarƙashinsa. Simintin ya yi gardama, don ba a yi masa rowa ba ranar da aka kwaɓa shi. A bugu na gaba ya tsage.

Wani ya zo ya tsaya kusa da shi. Kudu ne. Ya jingine sandarsa, ya dafa bakin kwatar, ya sauko da ƙyar har ya zauna. Shekwolo ya shiga neman abin da zai ce masa. Ya nemo da Hausa, ya nemo da yarensa, duk abin da ya kamo sai ya ga ya yi kaɗan. Yana cikin haka Kudu ya riga shi. Ya rage murya, irin yadda ake yi a gidan makoki.

"Baba, ya haƙuri? Allah ya ba ka juriyar rashi."

Shekwolo ya buɗe baki zai ce da godiya, kamar yadda ake amsawa. Sai idonsa ya sauka kan ƙafar da Kudu ya miƙe a gabansu, a sandare, a karkace. Amsar ta ƙi fitowa.